Suramin, PPADS, apyrase ko sababbin sinadarai: wanne ya dace da binciken makarɓan ATP?

Duk wanda ya zuba ATP, sinadarin da jiki ke ɗaukar makamashi da shi yake kuma aika saƙo da shi, a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, ya ga kalsiyam ya tashi a cikinsu, ko ya ga tsokar hanji ko ta jijiyar jini ta tsuke, tambayar da za ta biyo baya ita ce ta wace ƙofa saƙon ya shiga. Ba a amsa wannan tambaya sai an samu sinadarin da zai toshe makarɓan da ake zargi, wato furotin ɗin da ke saman ƙwayar halitta waɗanda ATP ke sauka a kansu, sannan a duba ko martanin zai ɓace. Sunan da ɗalibin bayokemistiri zai fara cin karo da shi a tsofaffin takardun bincike shi ne suramin, maganin ciwon barci wanda ya haura shekara ɗari a duniya. A gefensa akwai PPADS, akwai enzayim ɗin apyrase, akwai kuma sababbin sinadarai masu sunaye na haruffa da lambobi, waɗanda kowannensu aka ƙera shi domin makarɓi guda. Kuɗin bincike ba ya isa a sayi duka, don haka dole a zaɓa. Matsayina shi ne a wasu gwaje-gwajen suramin ya dace a buɗe bincike da shi, amma duk kundin da aka rufe da shi kaɗai yana tsaye ne a kan hujja mai rauni, kuma dalilin hakan yana cikin ƙirar maganin kansa.

An haɗa suramin a shekarar 1916 a ɗakunan binciken kamfanin Bayer da ke Elberfeld a Jamus, a hannun masana sinadarai Oskar Dressel da Richard Kothe. Asalinsa daga rini yake. Tun a 1904 Paul Ehrlich ya nuna cewa wani jan rini yana kashe ƙwayar tiripanosoma, dangin da ke kawo ciwon barci, a jikin ɓeraye, sai dai ire-iren wannan rini suna rina fatar wanda aka yi wa allura, shi ya sa masanan Bayer suka yi ta sauya ƙirarsu har suka samu wanda ba shi da launi kuma ya fi su ƙarfi. Suka ba shi lamba Bayer 205, daga baya aka fitar da shi kasuwa da sunan Germanin. Kamfanin ya ɓoye sirrin haɗinsa, har sai da Ernest Fourneau na Cibiyar Pasteur a Paris ya gano shi ya wallafa a 1924. Tun farkon shekarun 1920 ake yi wa masu ciwon barci allurarsa, musamman nau'in rhodesiense na gabashi da kudancin Afirka, kuma a matakin farko kawai, kafin cutar ta kai ƙwaƙwalwa. An yi aiki da shi a kan tsutsar da ke kawo makantar bakin kogi kafin zuwan ivermectin, haka kuma a kan tiripanosomar da ke kama raƙuma. Sai a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fexinidazole, wanda ake haɗiya, a gabansa ga mafi yawan masu nau'in rhodesiense.

Ƙwayar suramin babba ce. Tana da ɓangarori biyu masu kama da juna waɗanda yuriya ta haɗa a tsakiya, kuma kowane ƙarshe yana ɗauke da rukunin salfonet uku, jimilla shida, kowanne da cajin nagatif. Kusan duk halayensa daga nan suka fito. Saboda cajin ne yake narkewa a ruwa ba tare da wahala ba, saboda shi ne kuma ba ya ratsa fatar ƙwayar halitta cikin sauƙi, balle ya shiga ƙwaƙwalwa. A cikin jini fiye da kashi 99 cikin 100 nasa yana maƙale da furotin, musamman albumin, kuma jiki ba ya sarrafa shi, ƙoda ce ke fitar da shi a hankali, har ana ɗaukar wajen kwana 40 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Abin da ya fi shafar mai bincike shi ne cewa duk furotin ɗin da ke da wani lungu mai tarin tubalan furotin da ake kira laisin da arjinin, wato mai cajin fozitif, suramin zai iya kama shi a wurin. Irin waɗannan lunguna kuwa su ne inda furotin ke riƙe ATP, ko DNA, ko RNA, ko heparin. Halinsa halin ƙarangiya ne, wadda ba ta zaɓar rigar da za ta maƙale wa.

Wannan hali ne ya shigar da shi ɗakunan gwaje-gwaje ta ƙofofi da yawa. A 1979 Erik De Clercq na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya nuna cewa yana hana enzayim ɗin da wasu ƙwayoyin bairas ke juya RNA zuwa DNA da shi, a 1984 kuma Hiroaki Mitsuya da Samuel Broder da abokan aikinsu a Amurka suka nuna yana kare ƙwayoyin garkuwar jiki daga bairas ɗin ƙanjamau a cikin kwanon gwaji. Da aka gwada shi a jikin marasa lafiya, illarsa ta fi amfaninsa. An sake gwada shi a kan sankarar furostet a ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990, nan ma bai samu amincewar hukuma ba. Cikin shekarun da suka biyo baya an ba da rahoton cewa yana hana enzayim ɗin sirtuin, da wasu fosfates, da famfon sodiyam da potasiyam, da wasu furotin na dafin maciji, har da enzayim ɗin da bairas ɗin korona ke kwafar RNA ɗinsa da shi. Mai karanta wannan jeri yana iya ɗaukarsa a matsayin yabo ga maganin. Mai shirin amfani da shi domin gano makarɓi guda ya kamata ya karanta shi a matsayin gargaɗi.

Shigarsa fagen ATP ta zo a 1988, lokacin da masu bincike biyu, Dunn da Blakeley, suka nuna cewa yana toshe tsukewar bututun maniyyin ƙaramin ɓeran gwaji (mouse), kuma idan aka wanke shi martanin yana dawowa. A lokacin wannan babban labari ne. Masani Geoffrey Burnstock ya daɗe, tun 1972, yana cewa jijiyoyi suna aika saƙo da ATP, a 1978 ya raba makarɓan gida biyu, P1 na adenosin da P2 na ATP da ADP (ATP da aka cire wa fosfet ɗaya), a 1985 kuma shi da Charles Kennedy suka raba P2 zuwa P2X da P2Y, amma rashin abin toshewa mai inganci ya sa masana da yawa ba su gamsu ba. Suramin ya cike wannan giɓi. Yanzu an san P2X guda bakwai ne, kuma kafofi ne da ke buɗewa ayon, wato ƙwayoyi masu caji irin su kalsiyam, su wuce, P2Y kuwa guda takwas ne, suna isar da saƙo ta hanyar furotin G da ke cikin ƙwayar halitta. Makarɓa 15 ke nan, kuma tambayar mai bincike a yau ta tashi daga ko P2 ne zuwa wanne ne daga cikinsu.

A nan ne ƙarfin suramin da rauninsa suke bayyana tare. A kaurin da aka saba amfani da shi, maikuromola 10 zuwa 100, yana toshe P2X1, P2X2, P2X3 da P2X5, yana kuma toshe P2Y1, P2Y2, P2Y11, P2Y12 da P2Y13 gwargwado. A kan P2X7 ba shi da ƙarfi, P2X4 na babban ɓeran gwaji (rat) kusan ba ya jin sa, haka ma P2Y4. Ko a makarɓi ɗaya, dabba da dabba sun bambanta, domin P2X1 na ɗan Adam yana jin suramin sosai fiye da na ƙaramin ɓera. Saboda haka idan aka zuba suramin martanin ya ɓace, abin da aka samu shi ne jerin waɗanda ake zargi, mai ɗauke da sunaye kusan tara. Idan kuma bai ɓace ba, ba a wanke iyalin P2 ba, tunda P2X4 da P2X7, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki irin su makrofej, suna iya ci gaba da aikinsu a gabansa. Wanda ke nazarin kumburi da garkuwar jiki, in ya fara da suramin, ya fara da abin da ya fi rauni daidai inda ya fi buƙatar ƙarfi.

Akwai wata matsala wadda ta fi wannan ɓoyuwa. A saman ƙwayoyin halitta akwai enzayim da ke farfasa ATP da zarar ya fito, kuma suramin yana hana su ma. Ke nan a lokaci guda yana toshe makarɓin, yana kuma kare ATP daga lalacewa har ya taru ya yi yawa, sai tasirin biyu su ci juna, mai bincike ya ga kamar maganin bai yi komai ba. Masanan farko sun kauce wa wannan ta hanyar amfani da alfa-beta-metilin-ATP, wanda enzayim ɗin ba sa iya farfasawa da sauri, amma shi ma P2X1 da P2X3 ya fi tayarwa. Sannan idan gwajin a kan ɓaɓɓaken fatar ƙwayoyin halitta ake yin sa, inda babu shamaki tsakanin magani da cikin ƙwayar, suramin yana kama furotin G kai tsaye ya hana shi sakin GDP, sinadarin da dole ya saki kafin ya isar da saƙo, kamar yadda ayyukan Michael Freissmuth a Viyana suka nuna a shekarun 1990. A irin wannan gwaji zai iya kashe saƙon makarɓin adenosin ko na dopamin wanda ba shi da wata alaƙa da ATP.

Ya kamata a dubi abin kusa, a kan teburin aiki. A ce ɗaliba tana son ta nuna cewa ATP ne ke sa wasu ƙwayoyin sankara yaɗuwa. Ta auna miligiram 14.3 na gishirin suramin ta narkar a mililita ɗaya na ruwa, ta samu milimola 10, domin nauyin gishirin sodiyam ɗin 1429 ne. Da ta yi lissafi da 1297, nauyin maganin ba tare da sodiyam ba, da ta yi kuskuren kusan kashi 10 cikin 100 tun kafin ta fara. Ta zuba shi a faranti mai rijiyoyi 96 har ya kai maikuromola 100, a cikin ruwan raino mai kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan maraƙi, ta bar shi kwana biyu. Da ta dawo sai ta tarar ƙwayoyin sun daina yaɗuwa. Abu uku sun faru a cikin rijiyoyin nan waɗanda na'urar karatu ba za ta gaya mata ba. Albumin ɗin da ke ruwan rainon, wanda ya kai wajen maikuromola 30 zuwa 40, ya riƙe kaso mai yawa na maganin, don haka kaurin da ya isa ga makarɓan bai kai abin da ta rubuta ba. Wanda ya rage ya kama sinadaran haɓaka girma irin su FGF da PDGF ya hana su sauka a kan nasu makarɓan, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da yaɗuwar ƙwayoyi ko da babu ATP a lamarin. Cikin kwana biyun kuma ƙwayoyin sun haɗiye wani sashe na maganin ya taru a laisosom, jakunkunan da ƙwaya ke narkar da abin da ta haɗiye, inda aka san yana hana enzayim ɗin da ke wurin. Sakamakonta gaskiya ne, amma fassarar da za ta ba shi ba ta da madogara. Suramin ya fi amintuwa a gwajin mintoci, a ruwan gishiri marar furotin, a kan ƙwayoyin da ba a fasa ba, kuma amincinsa yana raguwa da kowace sa'a da aka ƙara.

PPADS ya zo ne a 1992 daga ɗakin binciken Günter Lambrecht a Frankfurt, inda aka fara gwada shi a bututun maniyyin zomo. An gina shi a kan piridoksal fosfet, wato siffar bitamin B6 da jiki ke aiki da ita, kuma nauyin gishirinsa bai kai rabin na suramin ba. Fifikonsa shi ne bai kai suramin yawan kame-kame a wajen iyalin P2 ba, don haka idan ya toshe martani, zargin da ke kan P2 ya fi ƙarfi. Yana toshe P2X1, P2X2, P2X3 da P2X5 a 'yan maikuromola kaɗan, yana toshe P2Y1, amma P2Y2 ba ya jin sa, kuma shi ma P2X4 na babban ɓera ya gagare shi. Aibinsa na aiki ne. Yana da launin ruwan lemo mai duhu, wanda zai iya shan hasken da ake auna kalsiyam da shi, haske yana lalata shi, don haka sai an naɗe kwalbarsa, kuma yana kamawa a hankali yana saki a hankali, saboda rukunin aldehaid ɗinsa yana ƙulla alaƙa da laisin a jikin makarɓin. Wanda ke da tsoka guda a cikin bahon gwaji, yana son ya zuba magani ya wanke ya sake gwadawa a kan tsokar nan, zai fi jin daɗin suramin. Wanda kuma ya zuba PPADS ya auna nan take, bai jira minti 15 zuwa 30 ba, zai raina ƙarfinsa a banza.

A ganina amfanin PPADS mafi girma yana fitowa ne idan aka ajiye shi kusa da suramin, domin bambancin da ke tsakaninsu shi kansa bayani ne. Misali mafi shahara shi ne martanin UTP, wani ɗan'uwan ATP. Makarɓa biyu ne suka fi amsa masa, P2Y2 da P2Y4. Idan suramin ya toshe martanin, PPADS bai taɓa shi ba, hankali zai karkata ga P2Y2, idan kuma suramin ya kasa, sai a waiwayi P2Y4. Idan ATP ya buɗe kafa amma dukkansu biyu suka kasa rufe ta a ƙwayoyin babban ɓera, P2X4 ne na farko a layin zargi. Da wannan dabara aka yi aiki shekaru da yawa, kuma har yanzu tana da amfani ga mai ƙaramin kasafi, muddin ya rubuta sakamakonsa da kalmar “yana nuni da” maimakon “ya tabbatar”.

Apyrase kuwa wata tambaya daban yake amsawa, kuma sau da yawa ita ce ya kamata a fara yi. Enzayim ne, wanda ake sayarwa galibi daga dankalin Turawa ake tace shi, yana cire fosfet daga ATP ya mayar da shi ADP, sannan AMP. Bai damu da makarɓi ba, saƙon kansa yake sharewa. Idan abin da ake son sani shi ne ko ƙwayoyin suna sakin ATP da kansu, kuma ko wannan ATP ɗin ne ke jawo abin da aka gani, apyrase ya fi suramin nesa ba kusa ba, domin ba ya kama furotin G, ba ya kama sinadaran girma, kuma bai bar P2X4 ko P2X7 a baya ba. Yana da nasa sharuɗɗan. Yana buƙatar kalsiyam kafin ya yi aiki. Nau'o'insa sun bambanta wajen saurin cin ATP da na cin ADP, kuma wanda ke cin ATP da sauri ya bar ADP yana iya tayar da P2Y1 da P2Y12. AMP ɗin da ya bari, enzayim ɗin CD73 zai mayar da shi adenosin, wanda ke da nasa makarɓan, don haka wani lokaci sai an haɗa da adenosin diyamines, enzayim ɗin da ke lalata adenosin. A 2018 kuma wani bincike daga ɗakin David Attwell a Landan ya nuna cewa tasirin da aka ga apyrase na kasuwa yana yi a kan ƙwayoyin maikrogiliya na ƙwaƙwalwa, daga potasiyam ɗin da ke cikin garin ya fito. Maganin wannan mai sauƙi ne: a tafasa wani kaso na enzayim ɗin har ya mutu, a zuba shi a rijiyar kwatance, duk abin da tafasasshen ya yi to ba aikin enzayim ba ne.

Sababbin sinadaran su ne ke iya kiran makarɓi da sunansa. MRS2500, daga ɗakin Kenneth Jacobson a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka, yana toshe P2Y1 a kusan nanomola 1. AR-C118925 na P2Y2 ne, A-438079 da A-740003 na P2X7, A-317491 na P2X3, 5-BDBD da PSB-12062 na P2X4. Wasu ma jikokin suramin ne da aka sassaƙa a Jamus, kamar NF449 wanda ke toshe P2X1 a ƙasa da nanomola 1, da NF157 na P2Y11. Tsakanin maikuromola 100 da nanomola 10 akwai ninki 10,000, kuma yawan kaurin magani shi ne ke ba shi damar taɓa abin da ba a nufa ba. Sai dai suna da tsada, 'yan miligiram kaɗan ake sayarwa, da yawansu sai an narkar a DMSO, wanda shi ma yana buƙatar tasa rijiyar kwatance, kuma zaɓensu yana bin jinsin dabba. BX430 yana toshe P2X4 na ɗan Adam amma ba ya aiki a na ɓeraye. P2Y11 babu shi sam a ɓerayen gwaji, manya da ƙanana, don haka sayen NF157 domin su asarar kuɗi ce. NF449 ɗin ma, in aka ɗaga kaurinsa, halin kakansa yana dawowa ya kama furotin G. Babban sharaɗinsu shi ne sai mutum ya riga ya san wanda yake zargi, wanda ke nufin gwajin PCR na gano makarɓan da ƙwayoyin ke ɗauke da su ya kamata ya riga odar magani.

Akwai abubuwa biyu masu araha da bai kamata a manta da su ba. Na farko shi ne Brilliant Blue G, shuɗin rinin da ake auna furotin da shi a gwajin Bradford, wanda kusan kowane sashen bayokemistiri yana da kwalbarsa. Yana toshe P2X7 na babban ɓera a wajen nanomola 10, na ɗan Adam kuma sai an ninka haka sau da yawa, amma yana maƙale wa furotin kuma a kaurin maikuromola yana taɓa wasu kafofin. Na biyu shi ne ivermectin, wanda aikinsa akasin toshewa ne: tun 1999 aka nuna yana ƙara wa P2X4 ƙarfi yana jinkirta rufewarsa, don haka martanin da ya gagari suramin da PPADS amma ya ƙaru da 'yan maikuromola na ivermectin, ya nuna P2X4 ta fuska biyu. A nan dole a yi amfani da tsantsar sinadarin, domin allurar da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi tana ɗauke da wasu ruwaye da aka narkar da maganin a ciki, kuma su ma suna da tasirinsu. Irin wannan tarko yana jiran wanda ya niƙa ƙwayar clopidogrel, maganin hana daskarewar jini, ya zuba a kwanon gwaji domin toshe P2Y12: maganin ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi, ticagrelor ko cangrelor ne ke kama makarɓin kai tsaye.

Idan aka zo ga zaɓi, yanayin aiki ne ke yanke hukunci. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya tak, kuma tambayarsa ita ce ko ATP na da hannu a lamarin, apyrase ya kamata ya saya. Wanda ke aiki da tsoka ko jijiya a bahon gwaji, yana auna martani na daƙiƙoƙi ko mintoci, suramin da PPADS tare za su kai shi nesa, kuma suramin yana da wata falala da ba a cika faɗa ba a wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa: garinsa yana jure ajiya idan an kare shi daga laima da haske, ruwa kawai yake buƙata, alhali enzayim da ya narke ya sake daskarewa a firiza sau da yawa ƙarfinsa yana raguwa. Ruwan suramin ɗin dai a riƙa haɗa sabo, domin yana lalacewa idan ya daɗe a narke cikin zafi. Wanda ke aiki da makrofej ko wasu ƙwayoyin garkuwa ya tsallake su biyun ya nufi A-438079 ko Brilliant Blue G, da ivermectin a gefe. Wanda gwajinsa na kwanaki ne a ruwan raino mai ruwan jini, bai kamata ya dogara da suramin ba ko kaɗan. Wanda kuma yake son ya rubuta sunan makarɓi guda a kan kundinsa, yana buƙatar sinadari mai zaɓe, kuma zai fi samun natsuwa a gaban mai jarrabawa idan ya ƙara da hujjar da ba ta magani ba, kamar rage makarɓin da siRNA, ko dasa shi a ƙwayoyin 1321N1 waɗanda ba sa amsa wa ATP da kansu.

Wannan taka-tsantsan ya shafi masu nazarin enzayim ma. Idan suramin ya hana wani sabon enzayim da aka tace, abin mamaki kaɗan ne a ciki, domin zai yi wuya furotin mai riƙe ATP ko DNA ya tsira daga gare shi a kaurin maikuromola. Kafin a kira shi mai hana wannan enzayim, a maimaita gwajin da heparin ko dekstran salfet, waɗanda su ma tarin cajin nagatif ne, a ƙara gishiri a ruwan gwajin, a zuba albumin kaɗan, a ga abin da ya rage. Idan heparin ya yi abin da suramin ya yi, to caji ne ya yi aikin. Haka nan sakamakon kwamfuta da ke nuna suramin ya zauna daram a lungun wani furotin bai isa hujja ba, domin babbar ƙwaya mai caji shida tana samun maki mai yawa a kusan kowane lungu mai laisin.

Wuri ɗaya da suramin ba shi da na biyu shi ne inda shi kansa ne abin binciken, wato aikinsa a kan tiripanosoma, fagen da Cibiyar Binciken Tiripanosoma ta Najeriya da ke Kaduna da sashen bayokemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka daɗe a cikinsa. A nan lissafin ya juye, domin Trypanosoma brucei na cikin jini yana mutuwa a gomman nanomola, kaurin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda ake toshe P2 da shi. Dalilin shi ne ƙwayar cutar tana haɗiyar maganin tana tara shi, kuma a 2012 ƙungiyar David Horn a Landan ta nuna cewa wani furotin na samanta mai suna ISG75 da hanyar da ke kai kaya laisosom suna da hannu a wannan haɗiya. Daga baya masu bincike a Basel ta Suwizalan suka gano wani nau'in rigar furotin ɗin ƙwayar, VSGsur, wanda ke kama maganin ya ba ta juriya. Duk da haka, wanda ke neman maganin da zai auna tsiron gargajiya da shi sai ya dubi jinsin da ke hannunsa. Ga brucei da evansi, mai kama raƙuma, suramin ma'auni ne mai kyau, amma congolense da vivax, waɗanda su ne suka fi jawo sammore a shanunmu, ba sa jin sa sosai, kuma tsiron da aka kwatanta da maganin da dama ba ya aiki zai fito da ƙarfin da ba nasa ba. Ga waɗannan biyun, diminazene ko isometamidium ne ya kamata su zauna a rijiyar kwatance.